Tsoron ƙiba ya sa ƙawata ta ajiye maganin olsa

A zangon karatun da ya wuce, ana saura mako uku a fara jarabawa, ƙawata da muke kwana ɗaki ɗaya a makaranta ta dawo daga asibiti da leda cike da magani. Ta fi shekara biyu tana fama da abin da duk muke kira olsa: ƙwannafi, kumburin ciki, da wani irin ciwo da ke tashinta tsakar dare ta zauna ta riƙe ciki tana salati. Wannan karon likita bai tsaya ga tambayoyi kawai ba, ya tura ta aka yi mata gwajin bayan gida. Sakamako ya nuna tana ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira Helicobacter pylori. Aka rubuta mata magani kala uku, safe da yamma, na kwana 14, aka kuma ja mata kunne kada ta kuskura ta tsallake ko sau ɗaya.

A rana ta biyar sai na ga ledar a kan loka, tun safe ba a taɓa ta ba. Na ce, "Ke, ba ki sha maganinki ba fa." Ba ta ce komai ba, ta miƙo mini wayarta. Wani saƙo ne da aka turo a zauren danginsu na WhatsApp, wai masana a Amurka sun gano cewa duk wanda ya kashe wannan ƙwayar cuta to ya shirya yin ƙiba, don ita ce ke taka wa cin abinci birki. Ta ce, "Kin san bikina bayan Sallah ne, an riga an kai ɗinki. Ciwon ma ai ya lafa, a bar shi haka kawai."

Ban gama mamakin wannan ba, bayan kwana biyu wata 'yar ajinmu ta nuna mana bidiyo a TikTok. Wani saurayi ne sanye da farar riga irin ta likitoci, yana rantsuwa cewa wannan ƙwayar cutar ce ke kawo tumbi da teɓa, duk mai son ya rame ya fara gamawa da ita. 'Yar ajin tamu har ta fara tambayar nawa ake sayar da maganin a kemis, alhali ko gwaji ba ta taɓa yi ba, cikinta ma lafiya lau yake.

A mako guda ke nan na ji labari biyu masu karo da juna a kan ƙwayar cuta ɗaya, kuma kowanne ya samu wadda ta gaskata shi har za ta yi aiki da shi a jikinta. Ni dai ba likitanci nake karanta ba, aikin jarida nake yi. Amma abin da aka fara cusa mana tun aji ɗaya shi ne in ka ji labari ka nemi tushensa. Na ɗauki wasu darare ina bin diddigi, kuma matsayin da na tsaya a kai shi ne: akwai alaƙa tsakanin wannan ƙwayar cuta da nauyin jiki, amma ƙarama ce, masana ma ba su gama daidaita baki a kanta ba. Ba ta kai ta sa mara lafiya ya ajiye maganinsa ba, ba ta kuma kai ta sa mai lafiya ya je ya sayi maganin da ba a rubuta masa ba.

Bari mu fara da sanin wace ce ita. Shekaru da yawa likitoci sun ɗauka babu wata halitta da za ta iya rayuwa a cikin tumbin mutum saboda ƙarfin asid ɗin da ke ciki. An ɗora laifin gyambon ciki a kan damuwa, yaji da yawan asid. Sai a 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka yi nasarar raino wata bakteriya mai lanƙwasa da suka samo daga cikin marasa lafiya. Aka ƙi yarda da su. A 1984 Marshall ya ɗauki ruwan da aka raini ƙwayar cutar a ciki ya shanye, cikin 'yan kwanaki ya fara amai, aka leƙa aka ga bangon cikinsa ya kumbura. A 2005 su biyun suka karɓi kyautar Nobel. Tun 1994 kuma hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka wannan ƙwayar cuta a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa.

Yawanci tun mutum yana yaro yake kamuwa da ita, a cikin gida, ta hanyar yawu, ko ruwa da abincin da najasa ta taɓa. Inda akwai cunkoso da ƙarancin ruwa mai tsafta, a nan ta fi yaɗuwa. Wani babban nazari da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 4.4 ne ke ɗauke da ita a duniya, ya sa Najeriya a sahun gaba da kusan kashi 88 cikin 100, yayin da Suwizalan ba ta kai kashi 20 ba. Mu a Arewa ba baƙuwa ba ce. Tun 1992 wani likita mai suna Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, ya wallafa tare da abokan aikinsa cewa fiye da kashi 80 na mutanen da suka gwada a yankin sun nuna alamar kamuwa da ita. Akasarin masu ɗauke da ita ba za su taɓa jin komai ba har su tsufa. Mutum ɗaya ko biyu cikin goma ne ke samun gyambo, ɗaya zuwa uku cikin ɗari kuma kan kai ga kansar ciki. Adadin kamar kaɗan ne a baki, amma a lissafa shi da yawan jama'armu a gani.

To ina ƙiba ta shigo? Ta ƙofar yunwa. A 1999 wasu masu bincike a Japan suka gano wani sinadari da ake kira ghrelin, wanda ciki ne ke samar da mafi yawansa. Shi ne ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa a nemo abinci. Kafin cin abinci yana hawa, bayan an ci yana sauka. Akwai kuma abokin tafiyarsa, leptin, da aka gano a 1994, wanda kitsen jiki ne ke fitar da mafi yawansa don sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai isasshen tanadi. Tunda Helicobacter tana zaune a bangon ciki tana kumbura shi shekara da shekaru, ba abin mamaki ba ne ta taɓa wurin da ake sarrafa ghrelin. Ruwa ba ya tsami banza, daga nan ne saƙon da aka turo wa ƙawata ya samo asali.

Mutumin da ya fi shahara da wannan ra'ayi shi ne Martin Blaser, wani likita ɗan Amurka da ya daɗe yana nazarin wannan ƙwayar cuta, ya kuma fitar da littafi a 2014 mai suna Missing Microbes. Hujjarsa ita ce, Helicobacter ta yi dubban shekaru tana tare da ɗan Adam, tun kafin kakanni su bazu daga Afirka zuwa sauran nahiyoyi, don haka ɓacewarta kwatsam daga cikin mutanen ƙasashe masu arziki ba zai wuce ba tare da ya bar giɓi ba. A 2011 shi da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike da suka yi a kan tsofaffin sojoji a birnin New York. Sun ga cewa waɗanda aka kashe wa ƙwayar cutar, sinadarin yunwarsu ba ya sauka yadda ya kamata bayan sun ci abinci, kuma a cikin wata 18 ma'aunin ƙibarsu ya ƙaru da kimanin kashi 5 cikin 100. Sai dai abin da saƙon WhatsApp bai faɗa ba shi ne, mutanen da aka bi har ƙarshe bayan sun sha magani ba su kai 30 ba, kuma yawancinsu maza ne masu shekaru.

Binciken da ya fi wannan ƙarfi an yi shi ne a yankin Bristol na Ingila, aka wallafa shi a shekarar 2011 ɗin. Sun ɗauki fiye da mutum 1,500 masu ɗauke da ƙwayar cutar, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka ba su magani na gaske, rabi aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Bayan wata shida aka auna kowa. Waɗanda suka sha maganin gaske sun ɗara sauran nauyi, gaskiya ne. Da nawa? Da ɗan abin da ya haura rabin kilo. Ku ɗauki ledar fiya wata ɗaya ku riƙe a hannu, kusan nauyin ke nan. Masu binciken kuma sun ce mai yiwuwa dalilin shi ne ciwon ciki ya tafi, mutane sun koma cin abinci da daɗin rai. A kan nauyin ledar ruwa guda ne ƙawata ta so ta ci gaba da zama da ciwon da ya hana ta barci shekara biyu.

Shi ma mai farar riga na TikTok ba daga iska ya tsinto nasa ba. Akwai nazarce-nazarce, musamman daga ƙasar Sin, da suka duba dubban mutanen da suka je asibiti duba lafiya, suka ga cewa masu ɗauke da Helicobacter sun ɗan fi yawan ƙiba a kan waɗanda ba su da ita. Masu wannan ra'ayi na cewa kumburin da take haddasawa a hankali na iya taɓa yadda jiki ke sarrafa sukari da kitse. A gefe guda kuma, wasu da suka kwatanta ƙasashe masu arziki da juna sun ga akasin haka: inda ƙwayar cutar ta yi ƙaranci, a nan ƙiba ta fi yawa. Wasu binciken ma ba su ga wata alaƙa ba sam. Duk waɗannan suna nan a rubuce, kowa kuma na iya zaɓar wanda ya yi masa daɗi ya yi bidiyo a kai.

A nan ne karatun jarida ya yi mini rana. Malaminmu na darasin hanyoyin bincike yakan ce, don ka ga abu biyu suna tafiya tare ba shi ne ke nuna ɗaya ya haifi ɗaya ba. Mu duba watan Maris da Afrilu a garuruwanmu. Cinikin ƙanƙara yana tashi, cutar sanƙarau ma tana tashi. Da wani zai zana jadawali, zai ga layukan biyu suna hawa tare tamkar an ɗaura su. Amma babu mai hankalin da zai ce ƙanƙara ce ke kawo sanƙarau. Lokacin zafi ne ya haɗa su. Haka abin yake a Turai da Amurka: a shekarun da aka samu ruwan famfo, masai mai tsafta da gidaje marasa cunkoso, Helicobacter ta ja baya. A shekarun nan dai aka samu mota, aikin zama a ofis, lemon kwalba da abinci mai maiƙo mai araha, ƙiba ta yi gaba. Wadata ce ta ja abubuwan biyu, don haka raba su don a ga wane ne ya jawo wane ba ƙaramin aiki ba ne.

Akwai ma gwajin da ba ya buƙatar ɗakin bincike. In har mutum takwas cikin goma a ƙasar nan na ɗauke da ƙwayar cutar, to da ita ce babbar mai kawo ƙiba, da mun fi Amurkawa teɓa. In kuma ita ce babbar mai hana ƙiba, da ba za a ga mai tumbi ko ɗaya a Kantin Kwari ba. Kowa ya san ba haka abin yake ba. A gida ɗaya, an sha ruwan randa ɗaya tun yarinta, za ka ga wani siriri kamar sillen kara, wani kuma ƙofa na yi masa kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ƙiba mai yawa, kuma adadin manya masu ita ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. Abin da ya yi wannan aika-aika ya fi ƙarfin bakteriya guda.

Ni a ganina, in ana neman alaƙar olsa da ƙiba a wajenmu, to a leƙa ƙarƙashin gadon ɗaliba mai olsa. A na ƙawata akwai kwalin biskit, gwangwanin madara, Indomie, sukari, da lemon malt. Tun ranar da aka fara ce mata tana da olsa, kowa ya zama likita. Umma ta ce kada ta bari cikinta ya zauna babu komai. Anti ta ce ta riƙa shan madara kafin ta kwanta. Mai kemis ya ce ta riƙa yawo da biskit a jaka. Sai ya zama tana cin wani abu kusan duk bayan awa biyu, ƙarfe ɗayan dare ma in ciwon ya motsa sai ta tashi ta haɗa shayi mai kauri. Ba yunwa ke sa ta ci ba, tsoron ciwo ne. A shekara biyun nan siket nawa ta bayar saboda sun matse ta, kuma duk wannan ya faru ne tun ƙwayar cutar na nan daram a cikinta.

Wannan shawara ta madara tsohon yayi ce. A 1915 wani likita a Chicago mai suna Bertram Sippy ya fito da tsarin ba masu gyambon ciki madara da kirim kusan kowace awa, aka yi shekaru ana bin sa a asibitocin duniya. Daga baya aka gane cewa madara tana kwantar da zafin na ɗan lokaci ne, sannan ta sa ciki ya ƙara fitar da asid. Likitoci sun daɗe da barin wannan tsari, mu kuma har yau muna riƙe da irinsa. Mutum ya yi shekara biyar yana lallashin ciwon da magani na mako biyu zai iya raba shi da shi, yana ta ɗura sukari da maiƙo a matsayin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da jiki ke buƙata a rana, wato kimanin cokalin shayi 12 ga babba. Babbar robar lemo ɗaya tana iya cinye kusan duk wannan kason. Ku lissafa shayin safe, shayin dare da malt ɗin rana.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi tayar mini da hankali, wato ajiye magani a tsakiya. Maganin Helicobacter haɗi ne: mai rage asid irin su omeprazole, tare da magungunan kashe ƙwayoyin cuta biyu kamar amoxicillin da clarithromycin ko metronidazole, wani lokaci a ƙara da bismuth. Yana da wahalar sha, ba ƙarya. Baki yana ɗaci, wasu na samun gudawa ko tashin zuciya. Mai rage asid ɗin yana sa ciwo ya lafa cikin 'yan kwanaki, sai mutum ya zaci ya warke. Ƙwayar cutar kuwa tana nan, kuma an ba ta damar ta saba da maganin. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka Helicobacter mai bijire wa clarithromycin cikin jerin ƙwayoyin cutar da ake matuƙar buƙatar sabon magani dominsu. Duk wanda ya sha rabi ya ajiye, ko ya saya a kemis ya sha yadda ya ga dama, yana ƙara wa wannan wuta fetur ne, kuma ba kansa kaɗai yake cuta ba, har da ƙannensa da 'ya'yan da zai haifa.

Akwai wani haɗarin da sai ɗan nan ne zai hango shi. Mu fa ba kowa ke gudun ƙiba ba. Akwai 'yan matan da ke nemanta ido rufe, musamman in biki ya matso, shi ya sa kasuwar sha-ka-fashe ba ta mutuwa. Wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi na ɗauke da dexamethasone, wanda ke kumbura fuska, ya tayar da hawan jini da ciwon suga, in kuma aka haɗa shi da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac ko ibuprofen, haɗarin gyambon ciki ya ƙaru. To ku yi tunanin ranar da saƙon "maganin olsa na sa ƙiba" zai faɗa hannun mai neman ƙiba. Saƙon da ya sa ƙawata ta ajiye magani, shi ne dai zai sa wata ta je ta saya ta sha babu ciwo. Mai neman rama ya samu nasa bidiyon, mai neman ƙiba ya samu nasa saƙon, dukkansu kuma kemis ɗaya za su nufa.

Kada a ce na yi wa Blaser rashin adalci. A babban batunsa yana da gaskiya: magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba alewa ba ne, kuma halittun da ke zaune a cikinmu suna da hannu a yadda jiki ke sarrafa abinci. Masu kiwo a Turai da Amurka sun daɗe da sanin cewa in ana zuba wa dabbobi ɗan wannan magani a abinci suna saurin girma, har sai da Tarayyar Turai ta haramta hakan a 2006. A 2013 wasu masu bincike a jami'ar Washington da ke St. Louis sun ɗauki ƙwayoyin halittar hanji daga tagwaye, ɗaya mai ƙiba ɗaya siririya, suka saka wa ɓeraye, sai ɓerayen da suka karɓi na mai ƙiba suka fi tara kitse. Amma a lura, wannan magana ce ta tarin halittun hanji, a jikin ɓera. Darasin da ke ciki shi ne a daina shan amoxicillin don mura ko don an ji jiki ba daɗi. Ba ya nufin wadda gwaji ya tabbatar tana da Helicobacter, ga ciwo, ga umarnin likita, ta ajiye magani. In aka ɗora rabin kilo a faranti ɗaya na sikeli, aka ɗora gyambo mai zubar da jini da haɗarin kansa a ɗaya farantin, ai babu wani dogon lissafi.

Wata 'yar ɗakinmu ta taɓa cewa, cikin wasa, ita tana son olsarta don tana rage mata jiki. Na yi dariya a lokacin, yanzu ba na yi. Ramar da ba a san dalilinta ba tana cikin alamomin da likitoci ke cewa a garzaya asibiti, tare da baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, wahalar haɗiye abinci, yawan amai da ƙarancin jini. Wanda ciwo ya ramar da shi ba motsa jiki ya yi ba, jikinsa ne ke kuka. In ya sha magani ya warke ya ɗan murmure, lafiyarsa ce ta dawo.

To me ya kamata mu yi? Da farko mu daina kiran kowane zafin ciki olsa. A je a ga likita, a yi gwaji. A kuma san cewa gwajin jini yana nuna ko mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar ne, ba lallai ya nuna tana nan yanzu ba, kuma a ƙasa irin tamu kusan kowa zai nuna. Gwajin bayan gida ko na numfashi su ne ke nuna mai rai. A gaya wa likita in ana shan omeprazole ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin suna iya ɓoye ta a gwaji. In an rubuta magani a shanye shi tas, sannan a koma a sake gwaji bayan aƙalla mako huɗu don a tabbatar ta tafi. A rage watsa maganin ciwon jiki a baki kamar gyaɗa, musamman mu da ke shan sa duk wata, domin shi ne babban mai kawo gyambo bayan Helicobacter. A wanke hannu da sabulu bayan an fito daga banɗaki, a kula da ruwan sha, a kuma rabu da tauna abinci a ba jariri a baki.

Wadda kuma ke tsoron ƙiba bayan ta warke, tsoronta ba laifi ba ne, akwai abin yi. Cin abincinki zai iya buɗewa, ki san da haka ki shirya masa. Ki kwashe tanadin ƙarƙashin gado, tunda dalilin ajiye shi ya wuce. Ki koma cin abinci a kan lokaci, ki bar shayin tsakar dare, ki taka da ƙafa zuwa lakca maimakon hawa adaidaita. Ki san lissafinki: a raba nauyi da tsawo sau tsawo a ma'aunin mita. In ya kai 25 an fara wuce ƙima, in ya kai 30 ƙiba ce mai yawa. Mai tsawon mita 1.6 za ta kai matakin farko ne a kilo 64, na biyu a kusan kilo 77. Mafi sauƙi ma, ki ari tef ɗin tela ki auna ƙugunki, kada ya kai rabin tsawonki.

Maganata ta ƙarshe ga 'yan uwana masu karatun jarida da masu shafuka ne. Gobe mu ne za mu riƙa rubuta kanun labarai. "Masana sun gano" jimla ce mai saurin jawo dannawa, amma akwai tambayoyin da ya wajaba mu yi kafin mu saki: su wane ne masanan, mutum nawa suka gwada, mutane ne ko ɓeraye, kuma bambancin da suka gani nawa ne? Da wanda ya fara fassara labarin nan zuwa Hausa ya ƙara kalma uku kacal, "kimanin rabin kilo", da ƙawata ba ta ajiye ledarta ba. Mai karatunmu ba zai je ya buɗe mujallar likitoci ba, abin da muka ba shi da Hausa shi zai ɗauka ya kai cikinsa.

Ƙawata dai mun taru mun matsa mata ta koma asibiti. Likitan ya yi mata faɗa sosai, ya ce tunda ta katse sai an sake daga farko, ya kuma canza mata haɗin, wannan karon kala huɗu. Ta sake kashe kuɗi, ta sha ɗacin baki a tsakiyar jarabawa. Bayan wata guda da gamawa aka sake gwaji, babu ƙwayar cutar. Rigar biki ta shige ta, tela bai ƙara ko inci ba. 'Yar ajinmu ma ta fasa zuwa kemis, ko da yake ina zargin kuɗin maganin ne ya fi ba ta tsoro a kan bayanina.

Daga baya ƙawata ta roƙe ni na rubuta mata taƙaitaccen bayani, ta tura a zauren dangin nasu inda saƙon farko ya fito. Mutum biyu ne suka amsa, ɗaya da hoton babban yatsa, ɗaya da "Allah Ya ƙara sauƙi". Shi kuwa saƙon farko, makon jiya na sake ganinsa a wani zauren daban, da alamar nan ta an tura shi sau da yawa a samansa. In ya iso wayarku, don Allah ku tambayi wanda ya turo: kilo nawa?